Yadda Ake Zama Farfesan Auna Wuta da Iska ta Hanyar Haske

Injiniyan da ke son sanin abin da ke faruwa a cikin harshen wuta ko cikin silindar injin mota yana fuskantar matsala guda: duk ƙarfen awon da ya cusa ciki, ko dai ya narke, ko ya dagula tafiyar iskar da ake son aunawa. Shi ya sa ake yin awon da haske daga nesa, kuma ɗan Agege ko Idi-Araba a Legas zai iya kaiwa kujerar farfesa a wannan fanni idan ya tsara karatunsa tun da wuri.

A ci jarrabawar shiga jami'a ta JAMB da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, a nemi sashen injiniyancin injuna a Jami'ar Legas da ke Akoka ko harabar Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Epe, a yi shekara biyar. A dage kan darussan zafi da gudanar ruwa da iska, a kuma koyi rubuta manhaja da Python ko MATLAB.

Aikin binciken shekarar ƙarshe shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. A manyan ɗakunan gwaji ana watsa ƙananan ƙwayoyi cikin iska, a haska su da koren hasken lesa sau biyu cikin ƙiftawar ido, kyamara ta ɗauka, kwamfuta ta lissafa nisan da ƙwayoyin suka yi, daga nan a gane saurin iskar. Kayan nan suna da tsada matuƙa, kuma hasken yana makantarwa idan babu tabarau na musamman. Kada ɗalibi ya zauna jiransu. Iska mai zafi tana lanƙwasa haske, don haka ya sami kyamara, ya kafa takarda mai ɗige-ɗige a gabanta, ya ajiye kyandir a tsakani, ya ɗauki hoto biyu, ɗaya da wuta ɗaya babu, sannan manhajarsa ta kwatanta yadda ɗigon suka gusa. Tushen dabarar yana komawa ga aikin Bajamushe August Toepler a 1864.

Bayan hidimar ƙasa sai digiri na biyu da na uku. Asusun bunƙasa fasahar man fetur (PTDF) na ba da tallafin karatu, asusun tallafa wa manyan makarantu (TETFund) kuma na ɗaukar nauyin waɗanda suka riga suka zama malaman jami'o'in gwamnati. A ganina, gara a zaɓi malamin da ke da ɗakin gwaji mai aiki da a bi sunan jami'a kawai. Daga nan ake hawa daga ƙaramin malami zuwa babban malami, zuwa mataimakin farfesa, kuma kafin a ba mutum kujerar ƙarshe sai an aika maƙalolin da ya wallafa ga farfesoshin wasu jami'o'i sun tantance su.