Yadda Lauya a Kano Zai Shiga Alƙalancin Sasanci na Kasuwanci da Wasanni

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya yi odar kwantenar yadi daga Sin, aka aiko masa da abin da ba shi ya saya ba, ba zai so kai ƙara kotun can ba, kuma abokin cinikinsa ba zai yarda da kotun Kano ba. Shi ya sa ɓangarori kan amince tun a cikin kwangila su miƙa saɓaninsu ga alƙalan sasanci da suka zaɓa da kansu, waɗanda hukuncinsu ke hawa kan kowa. Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Najeriya ta shiga a 1970, ita ce ta sa ake iya zartar da irin wannan hukunci a ƙasashe fiye da 170.

Bayan ka kammala digirin shari'a, a Jami'ar Bayero ko wata, ka kuma gama Makarantar Lauyoyi, sai ka duƙufa kan dokar sasanci ta 2023 wadda ta maye gurbin ta 1988, sannan ka nemi horon cibiyar ƙwararrun alƙalan sasanci ta CIArb, wadda ke da reshe a Najeriya.

A ganina, inda ya fi cancanta ka kashe lokacinka shi ne rubuta sashen sasanci a cikin kwangila, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi tun kafin rikici ya taso. Ka fayyace garin da za a zauna, da dokar da za a bi, da yawan alƙalai, da harshen zama, da kuma ko ƙa'idojin cibiyar sasanci ta ICC da ke Faris za a bi ko na takwararta LCIA da ke Landan. Kwangilar gas da Najeriya ta ƙulla da kamfanin P&ID a 2010 ta jawo mata hukuncin alƙalan sasanci na biyan dala biliyan 6.6 a 2017, kuma sai a Oktoban 2023 babbar kotun Landan ta yanke cewa an samo hukuncin ta hanyar zamba. Kada ka jira kira daga Faris. Ka fara da ƙananan rigingimun 'yan kasuwa a kotun sulhu ta Kano, inda za ka koyi sauraron mutum mai fushi.

Ɓangaren wasanni yana da nasa tsarin. Ɗan ƙwallon da ƙungiyar ƙasar waje ta riƙe wa albashi yakan fara kai kuka hukumar FIFA, daga nan a ɗaukaka ƙara zuwa kotun sasancin wasanni ta CAS da aka kafa a birnin Lozan na Switzerland a 1984. Wa'adin ɗaukaka ƙarar kwana 21 ne daga ranar da aka sanar da hukunci, kuma lauyan da ya bari ya wuce ya jawo wa ɗan wasansa asarar haƙƙinsa. Harsunan aikin kotun su ne Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, saboda haka koyon Faransanci tun yanzu zai buɗe maka ƙofar wakiltar 'yan wasan Nijar da Kamaru.