Yadda za ka jure makonnin farko a cibiyar warkar da shaye-shaye

Da yawa daga cikin waɗanda ake kwantarwa saboda shaye-shaye, a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna ne, ko na Kware a Sakkwato, ko a cibiyoyin NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ba da son ransu aka kai su ba, don haka sukan shiga da fushi da jin an ci zarafinsu. Idan ka sami kanka a wannan hali, kada fushin ya hana ka abu na farko, wato faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha, da yawansa, da ranar da ka sha na ƙarshe.

Dalilin wannan ya shafi rayuwarka kai tsaye. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin zai yi fama da zufa, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci, kuma wahalar takan tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, sannan ta fara lafawa wajen cikar mako. Rochi, wato ƙwayar sa barci, da barasa kuwa lamarinsu ya fi haɗari, domin barinsu farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai, shi ya sa likita yake bin mai shan su a hankali da magani. Wanda ya ambaci wiwi ya ɓoye rochi saboda kunya, kansa ya cuta.

Jarrabawar gaskiya tana zuwa ne bayan jiki ya yi sauƙi. A mako na biyu ko na uku zuciya za ta fara raya maka cewa ka warke, cewa kai ba irin mutanen ɗakin ba ne, kuma da ma duk ranar da ka ga dama za ka bari. Kada ka yi gardama da wannan tunani kai kaɗai. Ka furta shi a zaman tattaunawa, za ka ji kusan kowa a wurin ya taɓa faɗa wa kansa haka. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, saboda haka ciwon ba naka kaɗai ba ne. A ganina, kalmar "asibitin mahaukata" da muke jifan waɗannan wurare da ita ta hana mutane da yawa amincewa cewa lalura ce ke damunsu, mai magani kamar hawan jini.

Ka bi tsarin lokacin cibiyar ko da ba ka jin daɗinsa, ka riƙe sallolinka, ka ci abinci. Duka da ɗaure ƙafa da mari ba magani ba ne, kuma abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna a 2019, na mutane ɗaure da mari, ya isa shaida.

Kafin a sallame ka, ka goge lambar dila, ka tsara yadda za ka kauce wa tsohuwar majalisarka, ka karɓi ranar komawa asibiti. Ka kuma sani cewa juriyar jikinka ta ragu, don haka adadin da ka saba sha a da yana iya tsayar da numfashinka yanzu. Idan ka zame ka sha, ka koma wurin likita a ranar, kada ka jira sai iyali sun gano.