Matakan Duba Motar da ta Ƙi Tashi

Da farko, ka murɗa makulli ka saurara. Idan fitilu sun dushe kuma ƙara ƙas-ƙas kawai kake ji, batir ne ya yi sanyi, abin da zafin Afrilu a Kano yake yawan jawowa. Sai ka goge farin garin da ya taru a kawunansa, ka ɗaure su tamau. Idan an auna lafiyayyen batir, yana nuna kusan volt 12.6.

Idan injin yana juyawa amma bai kama ba, duba mai, sannan fiyus da fulogi. Kada ka riƙe makullin fiye da daƙiƙa 10, saboda kik, wato na'urar da ke juya injin, yana ƙonewa. In abin ya gagara, kira bakanike kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen kayan gyaran mota.