Kurakuran da Muke Yi Kan Muƙaman Jami'a

A Zariya da wuya ka shiga unguwa ba ka samu mai karatu ko mai aiki a harabobin Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru, Kongo ko Shika ba. Duk da haka muna yawan hautsina muƙaman jami'a, a katin gayyata, a sanarwar rediyo, har a takardar neman aiki.

Kuskuren da ya fi yawo shi ne kiran VC (Vice-Chancellor) "mataimakin shugaban jami'a". VC shi ne shugaban jami'a. Shi ke tafiyar da ita yau da gobe, shi ke jagorantar majalisar malamai mai yanke hukunci kan karatu da jarrabawa, kuma a jami'o'in tarayya zango ɗaya yake yi na shekara 5. Mataimakansa daban suke. Uban Jami'a kuwa muƙamin girmamawa ne, an fi ganinsa ranar yaye ɗalibai. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Sardauna ne Uban Jami'a, amma Norman Alexander ne ke kan kujerar shugabanci, har Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Akwai kuma majalisar gudanarwa mai nata shugaban, ita ke naɗa VC.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda muke raba "Farfesa" kamar goron biki. Za ka ji mai gabatarwa a walima ya riƙe makirfo yana cewa "ga Farfesa nan ya iso", alhali bawan Allah bai daɗe da gama digiri na biyu ba, sai ka ga ya sunkuyar da kai don kunya. Matakan nan bakwai ne: mai digirin farko da aka ɗauka don a horar da shi, mataimakin lakcara, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, Rida (wato mataimakin farfesa), sannan Farfesa. A lura, na ɗaya yana gaba da na biyu. Manyan matakai biyun ƙarshe ba a hawansu sai an tura rubuce-rubucen mutum ga masana na wajen jami'arsa sun tantance, wani lokaci a shekara ana jira. Wanda ya sha wannan wahala ya cancanci a bar masa sunansa. In ba ka tabbatar ba, ka ce Malam ko Malama.

Dakta ma ba matakin aiki ba ne, shaidar digiri na uku ce, ko ta likitanci. Mai digirin girmamawa bai zama malamin jami'a ba.

Sai haɗa matsayi da kujera. Shugabancin sashe ko na tsangaya riƙo ne na ɗan lokaci, in wa'adi ya cika mutum ya koma ajinsa. Shi ya sa babban lakcara kan shugabanci sashen da ke da farfesoshi. A katin gayyata matsayi ke zuwa gaban suna, kujera a ƙasansa.

Iyaye masu zuwa da takardun 'ya'yansu a ambulan, ku daina neman ganin VC kan kowace matsala. Takardun ɗalibai da na ma'aikata suna ƙarƙashin Magatakarda, kuɗin makaranta na ofishin Ma'aji ne. In kuwa sakamakon jarrabawa ne ya ɓata, ɗalibin ya fara da jami'in jarrabawa na sashensa, in abin ya gagara ya je wurin shugaban sashe da takarda a rubuce.