Yadda ake zana gadon G6PD na gida da takarda da biro

Kwana uku da haihuwa ɗan yayata ya yi shawara, idanunsa suka koma kamar kwaiduwar ƙwai. Gwaji ya nuna ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Dangin mijinta suka ce su a zuriyarsu ba a san wannan ba. Gaskiyarsu, daga wajenmu ya fito. Bayoloji nake koyarwa a sakandare, don haka na zana musu a bayan katin asibiti. Ga yadda ke ma za ki yi.

Ki samo biro biyu, baƙi da ja. Ki zana akwati mai gida huɗu. X da Y su ne ƙwayoyin gadon da ke sa jariri ya zama mace ko namiji, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A sama ki rubuta na uba, X da Y. A gefe ki rubuta na uwa, X da X. Duk X ɗin da ke ɗauke da matsalar, da ja za ki rubuta shi. Y bai da hannu a wannan gado. Sai ki cika kowane gida da harafi ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe. XX mace ce, XY namiji.

In uwa na da jan X ɗaya, uba kuma lafiya lau, za ki samu 'ya mai lafiya, 'ya mai ɗauke da shi, ɗa mai lafiya, da ɗa mai ƙarancin, saboda shi ba shi da X na biyu da zai rufa masa asiri. Wato kowane ɗa namiji rabi da rabi ne, kuma kowane ciki lissafinsa daban. Don Babangida ya gada, ba shi ke nuna ƙaninsa ya tsira ba.

Yanzu ki mayar da jan wajen uba. Duk 'ya'yansa mata sun ɗauka, maza ko ɗaya babu, don Y ya ba su. Af, mai yi wa matarsa gorin haihuwar mata zalla, a nuna masa layin sama ya ga daga ina Y ke fitowa.

Saboda haka in yaron namiji ne, kada ki ɓata lokaci kan baffanninsa. Kawunnansa za ki bincika, da kakansa na wajen uwa, da 'ya'yan innoninsa maza. Wa ya yi shawara yana jariri? Wa fitsarinsa ya taɓa komawa kamar baƙin shayi bayan shan magani? A gidanmu, a kan yayanmu na biyu amsar ta faɗa.

Mace mai ɗauke da shi ma tana iya nuna alama, domin a kowace ƙwayar jikinta X ɗaya ne ke aiki, abin da masaniyar ilimin gadon halitta Mary Lyon ta bayyana a 1961. Shi ya sa takarda ba ta maye gurbin gwaji. Ki ambaci G6PD da sunansa a asibiti, gwajin jinotayif na sikila da ake yi kafin aure ba ya nuna shi. In an yi wa yaro ƙarin jini kwanan nan, sakamakon na iya fitowa lafiya alhali ba haka ba ne, sai a maimaita bayan kamar wata uku.

Kafin sakamako ya fito, ki kwashe kafur daga akwatin kayan jariri, a wanke kayan a shanya, kada a sa masa lalle, kuma ki gaya wa duk likitan da zai rubuta masa magani.