Yadda Ake Tattara Tarihin Kaka Mai Gurasa Kafin Ya Ɓace

Inna, kakarmu ta wajen uwa, ta haura shekara 80 kafin Allah Ya karɓi abinSa, kuma rabin rayuwar nan a bakin tanderu ta yi shi, a cikin birnin Kano. Ranar sadakar bakwai wata jikarta ta ce, "Wai gishiri nawa Inna ke sakawa a kwano guda na fulawa?" Tsakar gida cike da mata, amma aka rasa mai amsawa. Duk mun ci gurasarta, babu wanda ya riƙe awonta. Daga ranar na shiga bin sawun rayuwarta. Ga hanyar da na bi, ko za ta amfani wanda ya yi irin rashinmu.

Da farko, ku je wurin tsofaffi, kuma kada ku ce sai an natsu. Ku rubuta sunayen duk wanda ya san ta tun tana da ƙarfinta: ƙannenta, abokiyar zamanta in tana raye, maƙwabtan da suka yi sana'a tare, 'yan tallan da suka ɗauki farantinta, mai tsiren da ke sarar gurasa a wurinta. Ku fara da wanda ya fi tsufa. Ku tafi da ɗan goro ko turare, ku gaisa a tsanake, ku nemi izini kafin ku kunna waya don ɗaukar murya. Kada ku ce, "Gwaggo, ba ni tarihin Inna." Shiru za ta yi, ko ta ce, "Ai mutuniyar kirki ce, Allah Ya jiƙanta." Ƙaramar tambaya ita ke buɗe baki: "Gwaggo, da wane lokaci take tashi hura wuta?" Da wannan tambayar na ji cewa tun kafin kiran assalatu take cusa kara a tanderu, kuma gashin hannunta na dama bai sake tsirowa ba saboda wuta.

Na biyu, ku gano shekaru. Tsofaffinmu da abin da ya faru suke ƙirga lokaci, don haka ku riƙa haɗa labarinsu da tarihin gari. An ce an ɗaura wa Inna aure shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956, zamanin Sarki Sanusi. Wanda aka haifa shekarar da aka naɗa Ado Bayero, 1963 ke nan. Kisan Sardauna, Janairun 1966. Rikicin Maitatsine, Disambar 1980. Sai dai a kula da "shekarar canjin kuɗi", domin ba sau ɗaya aka yi ba. Ku tambaya: wanda aka bar fam da sule aka koma naira da kobo, na 1973, ko na zamanin Buhari da Idiagbon, na 1984? Inna a na farkon ta kafa tanderunta. Haka kuma in kun ji ana cewa "lokacin da fulawa ta yi wuya", wataƙila hana shigo da alkama ake nufi, wanda gwamnatin Babangida ta yi a 1987. A lokacin ne Inna ta koma sayen alkamar Kadawa tana kai niƙa, kuma har ta bar duniya tana cewa gurasar wannan alkamar ta fi ƙamshi.

Mataki na uku shi ne ya fi cin lokaci, kuma a ganina shi ne zuciyar aikin: a kamo awon hannunta. Mai gurasa ba ta aunawa da sikeli. Kwano ne, da gwangwanin madara, da tafin hannu, da "har sai kin ji ya yi". Ku nemo wadda ta fi daɗewa tana taya ta aiki, ku sayo fulawa da yis da gishiri da sukari, ku ce ta kwaɓa a gabanku. Duk abin da ta ɗebo, ku dakatar da hannunta, ku juye a cokali ko kofi, ku rubuta, sannan a zuba. Ruwa ma haka. Ku duba agogo ku ga tsawon lokacin da ƙullin ya ɗauka kafin ya tashi, ku rubuta har da yanayin garin, don ƙullin hunturu ya fi na bazara jinkirin tashi. Ku ɗauki bidiyon hannun yadda take jiƙa shi da ruwa, ta yanko ƙulli, ta faɗaɗa, ta manna a jikin tanderu bayan harshen wuta ya kwanta ya bar garwashi. Wannan mannawar ba ta rubutuwa, sai an gani. Mu sai a gwaji na huɗu autar Inna ta gutsura, ta tauna, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ce." Sai hawaye.

Na huɗu, kayan aikinta. Kwanon awo, wuƙar ɓamɓaro gurasa, faifai, duk sun shiga gado, komai ƙanƙantarsu. Kada wani ya ɗauka don ƙauna kafin a raba. A nemi yardar magada, ko wanda yake so ya saya daga rabon wani.

Na biyar, ku haɗa komai wuri guda: littafi ɗaya mai ƙarfin bango, da muryoyin da hotunan a waya fiye da ɗaya, don waya tana ɓata. Ku karanta wa dattawan gida su gyara. In kun ci karo da wani sirri ko tsohon saɓani, ku bar shi a waje, mamaci yana da haƙƙin sutura.

Sannan a gasa. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mu mun zaɓi ranar Juma'a. Ana gasa gurasa da awon Inna, a yi bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, a kai makarantar allon da ke bakin layi da niyyar ladan ya isa gare ta. Duk Juma'a kuma yarinya ɗaya ce daga cikin jikoki ke tsayawa a bakin tanderu tana koyo.

Makon jiya layi ya zo kan ƙaramarsu, 'yar shekara 11, wadda Inna ke kira "kishiyata". Gurasarta ta farko ta suɓuce ta faɗa garwashi. Ta sake jiƙa hannu, ta yi bisimilla, ta manna ta biyu, gurasar ta zauna.