Kafin ka sayi tsohon injin yankan ciyawa na hannu

Idan ka samu tsohon injin yankan ciyawa, musamman mai injin Briggs & Stratton na Amurka, kada ka duba fenti, fara jan igiyar tukuna. In ta yi nauyi tana turjewa to akwai kwanfireshan, wato matsin iska a cikin silinda, in kuwa ta zo sakwaf kamar ba komai to ring ko bawul sun tafi, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Sannan ka cire wayar filogi ka karkata injin ta yadda kabureta zai kalli sama don kada baƙin mai ya malale cikin filta, ka juya wuƙar da hannu kana kallon sandar injin da wuƙar ke ɗaure a jikinta, in tana rawa to ta lanƙwashe kuma gaskiya wannan ba ya gyaruwa da arha.

A jikin murfin injin akwai lambar Code, lambobi biyun farko su ne shekarar da aka ƙera shi. Na kafin 1982 yawanci da points suke aiki, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu don filogi ya ba da wuta, sai ka goge su da sanfefa mai laushi, ko ka sa koyil na Magnetron, wanda ba ya buƙatar points, ka huta.

Yawancin wanda ya ƙi tashi wallahi tsohon fetur ne ya daskare a kabureta. Zubar da shi, wanke tanki, canza robar diaphragm ta cikin kabureta in akwai ta, sa sabon filogi da gap (tazarar bakin filogi) 0.76mm, zuba baƙin mai SAE 30. In injin yana fizge igiya daga hannunka duba ƙaramin kii na filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman injin, yakan karye in wuƙa ta bugi dutse. Mai gyaran janareto zai iya duk wannan aikin.